Hinjin Robart da kebur ɗin ja-in-ja na Du-Bro a wutsiyar jirgin alkafura mai rimot

Jirgin rimot na koyo yana da haƙuri. Ko an ɗaura wutsiyarsa a ɗan karkace zai tashi, ya zagaya fili, ya sauka lafiya. Jirgin alkafura irin su Extra 300 da Edge 540 da Yak 54 ba haka yake ba. Elibetarsa, wato faifan wutsiya mai ɗaga hanci da sauke shi, da rodarsa, wato faifan da ke juya jirgi dama da hagu, manya ne, sau da yawa sun fi rabin faɗin wutsiyar gaba ɗaya, kuma mai son salon 3D, wato alkafura a gudu kaɗan ƙwarai, yakan karkata su har digiri 45 ko fiye. Wuri mai girma haka da motsi mai yawa haka, ɗan lako-lako na milimita ɗaya a hinji ko a kebur ya isa ya sa jirgin ya ƙi tsayawa a layi, wani lokaci ma ya kai ga karkarwar da ke yage wutsiya a sama.

Kaya biyu ne ake dubawa a nan, waɗanda suka daɗe a hannun masu ginin irin waɗannan jirage. Na farko hinjin da kamfanin Robart na garin St. Charles a jihar Illinois ta Amurka ke yi, mai suna Hinge Point. Na biyu kayan jan roda da kebur biyu, wato Pull-Pull System ko ja-in-ja, na kamfanin Du-Bro da ke Wauconda a wannan jihar, kamfanin da yake sana'ar tun 1959. Dukansu sun cancanci kuɗinsu. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ke rufa wa mai gaggawa asiri, kuma akwai jiragen da bai kamata a sa musu su ba.

Hinjin Robart ba ya kama da na ƙofa. Sanduna biyu ne na roba mai tauri, masu zagaye kamar fensir siriri, an haɗa su a tsakiya da fil na ƙarfe. Jikinsu na da zobba-zobba masu kama gam. Girma biyu aka fi amfani da su: inci 1/8, wato milimita 3.2, da inci 3/16, wato milimita 4.8. Ƙaramin ya ishi jirgi mai faɗin fiffike mita ɗaya da rabi ko makamancin haka. Daga injin fetur mai cc 30 zuwa sama, babban ne ya dace.

Fifikonsa a kan hinjin leɓe, wanda ake cusawa a tsaga a ɗiga masa sufa gulu, a bayyane yake da zarar an karkata elibeta da yatsa. Hinjin leɓe lanƙwasuwa yake yi, don haka yana turjiya, kuma turjiyar tana ƙaruwa yayin da kusurwa ke ƙaruwa. A digiri 15 ba a jin komai. A digiri 45 sarbo, wato ƙaramin injin da ke motsa elibeta ko roda, na kokawa da hinjin kafin ya fara kokawa da iska, kuma wurin da ake ta lanƙwasawa yana gajiya a hankali. Na Robart juyawa yake yi a kan fil. Idan an sa shi daidai, aka ɗaga elibeta aka saki kafin a haɗa ta da sarbo, da nauyinta kaɗai za ta faɗo. Wani abin yabo kuma shi ne rami mai zagaye ya fi tsaga sauƙin daidaitawa, musamman da ɗan ma'aunin huda da kamfanin ke sayarwa daban, wanda ke riƙe bakin dirila a tsakiyar kaurin katako.

Rauninsa ɗaya ne babba: yana son nama. Kowane rabi yana shiga ciki da zurfi, ya wuce kaurin katakon da ke gefen baya na wutsiyar da aka gina da haƙarƙari. Idan ba a manna guntun balsa a bayan wannan katako ba, a daidai kowane rami, rabin hinjin a iska yake rataye, gam ɗin ma ya zube cikin fanko. Guntu mai tsawon santimita 2.5 da faɗin santimita 2, mai kauri daidai da cikin wutsiyar, ya wadatar, kuma dole a sa shi kafin a rufe da leda. Wutsiyar da aka yanka daga fallen balsa mai kaurin milimita 6 kuwa, ramin milimita 3.2 yana barin abin da bai kai milimita ɗaya da rabi ba a kowane gefe. Nan wurin karyewa ne. Ga irin wannan jirgi hinjin leɓe ya fi, kuma a ganina babu dalilin tilasta masa na Robart.

Kafin a zo ga gam, sai an tsayar da kwantaccen fiffiken wutsiya a jikin jirgi, domin hinji mafi kyau a duniya ba ya gyara fiffiken da ya zauna a karkace. A huda ramukan hinji tun wutsiyar tana kan tebur, sannan a ɗaura babban fiffike a jikin jirgi, tunda da shi za a gwada komai. A soka fil a tsakiyar jikin jirgi ta gaba, a ɗaura zare marar miƙewa, a auna zuwa kusurwar baya ta dama da ta hagu ta kwantaccen fiffiken wutsiya. Bambancin kada ya wuce milimita ɗaya. Sai a koma baya kamar taku huɗu, a durƙusa, a dubi jirgin daga wutsiya: layin ƙaramin fiffike ya yi daidai da na babba, gefe ɗaya bai fi ɗaya sama ba. In ya karkata, samfefa ake sa wa mazauninsa a gefen da ya yi tudu, kaɗan kaɗan. Ba a danne shi da nauyi a ce gam zai riƙe. Yawancin jiragen alkafura suna son kwantaccen fiffiken a digiri sifili da layin jikin jirgi, amma abin da takardar jirgin ta faɗa shi ne abin bi, kuma da ma'aunin kusurwa ake tabbatarwa, ba da ido ba.

Wajen cire ledar rufi daga inda gam zai kama, a nan mutane da yawa ke kashe jirginsu tun bai tashi ba. Idan aka bi layin da reza, bakinta na tsaga fatar balsa, kuma wannan tsagar tana daidai inda nauyin iska ya fi taruwa, a gindin fiffike. Ranar da aka ja elibeta da ƙarfi, daga nan zai ɓalle. A yi amfani da bakin ayan na haɗa waya mai zafi, ya narkar da ledar ba tare da ya taɓa katako ba, kuma a yanka milimita biyu daga cikin layin don kada katako ya fito tsirara. Efoksi na minti 30 ake sawa, ba na minti 5 ba, saboda ana bukatar lokacin sake aunawa. A tuna cewa mintunan da aka rubuta a kwalba na ɗaki mai sanyi ne. A zafin bazara efoksi na kamawa da wuri ƙwarai, don haka a yi aikin da sassafe, a kuma baza shi a kan faranti maimakon a bar shi a tare cikin kofi, inda yake ƙara wa kansa zafi.

Yanzu hinjin kansa. Gefen gaba na elibeta da na roda sai an fiƙe shi sama da ƙasa ya yi tsini kamar bakin gatari, kusurwar ta fi motsin da ake nema da ɗan kaɗan. Mai neman digiri 50 ko fiye sai ya fiƙe gefen da ke fuskantarsa shi ma. Fil ɗin hinji ya zauna daidai kan layin juyawa, ba gaba ba, ba baya ba. Saboda gaɓar hinjin ta fi sandarsa kauri, sai an ɗan buɗa bakin ramin, a kuma yi mata 'yar kafa da ƙaramin fayil don ta nutse ta samu wurin juyawa. In ba a yi haka ba za a ƙare da rata mai faɗin milimita uku ko huɗu tsakanin fiffike da elibeta. Hinji uku ko huɗu ake sawa a kowane rabin elibeta, huɗu ko biyar a roda. Ɗaya ya kasance kusa da ƙaho, wato ɗan hannun da ke jikin elibeta ko roda wanda sarbo ke ja, domin nan ne ƙarfi ke sauka, ɗaya kuma kusa da ƙarshen waje.

A goge sandunan da samfefa mai laushi, a wanke su da sifirit, saboda robar da ta fito daga injin zubi tana da santsin da gam ba ya so. A ɗauki basilin a kan tsinke a shafa wa gaɓar kaɗai, a motsa ta ya shiga ciki. Ko ɗigo kada ya taɓa sandar. Gam iri biyu ke aiki da kyau. Efoksi na minti 30 yana da tabbas amma yana da nauyi, kuma in ya shiga gaɓa ya bushe, hinjin ya mutu. Gam na foliyuriten irin Gorilla Glue yana kumfa ya cika ramin, ba shi da nauyi, kumfar da ta fito kuma ana iya ɓantare ta da tsinke. Shi wannan da danshi yake kamawa, don haka a jiƙa ramin da ɗigon ruwa tukuna, musamman lokacin hunturu da iska ta bushe ƙayau. A cikin rami ake sa gam da tsinke, a shafe bangonsa, ba a jikin hinji ba, in ba haka ba bakin ramin zai share shi duka ya tara a kan gaɓa.

Ga dabarar da ke raba aiki mai kyau da na banza. Hinjin zagaye ne, yana iya juyawa a cikin raminsa, kuma idan fil ɗin ɗaya ya kalli wani wuri daban da sauran, elibeta za ta riƙa cijewa. Da zarar an cusa shi, a lanƙwasa rabin da ke waje digiri 90, ya nuna ƙasa. Idan duka suka tsaya a jere, kowanne a miƙe da fuskar fiffike kamar haƙoran mataji, fil ɗinsu na kan layi ɗaya. Gefe ɗaya ake mannawa a rana ɗaya. A cusa ɗaya gefen ba gam don ya riƙe su a mazauninsu har su bushe, washegari a manna shi. Bayan kwana guda a kama elibeta a ja ta da ƙarfi sosai. Gara ta fita a hannu da ta fita a sama. Daga nan a rufe ratar da siririyar leda mai haske ko salatif ɗin Blenderm na 3M, a manna shi alhali elibeta na karkace har ƙarshe, don kada ya rage mata motsi. Iskar da ke tsallakawa ta cikin rata tana rage ƙarfin elibeta, kuma in ratar dama ta fi ta hagu, jirgin zai riƙa murɗawa a cikin da'ira.

Kayan Du-Bro kuwa suna zuwa a girma biyu, 2-56 da 4-40, gwargwadon kaurin kusoshinsu. A cikin ledar akwai kebur na ƙarfe mai rufin nailan, 'yan bututun matsewa, kusoshi masu tiredi da ido a kai, da maƙalai masu baki biyu da ke kama ƙaho. Na 2-56 na ƙananan jirage ne. Jirgin alkafura mai babbar roda 4-40 yake so. Wanda zai yi odarsu daga waje ya san cewa tiredin nan na ma'aunin inci ne. Kaurin 4-40 kusan milimita 2.8 ne, yana kama da M3 na ma'aunin milimita a ido amma ba sa shiga juna, haka 2-56 da M2. Notin M3 zai hau kamar ya kama, sannan ya zame a ƙarƙashin nauyi. A sayi leda biyu, don in noti ɗaya ya ɓace a sami madadinsa na asali.

Amfanin ja-in-ja shi ne nauyi. Sarbon roda yana zama a tsakiyar jirgi kusa da cibiyar nauyi, wato inda nauyin gaba da na baya suke daidaita, abin da ke tafiya baya kebur biyu ne kawai marasa nauyi. Wutsiya ta fi hanci nisa daga cibiyar nauyi kamar sau uku, don haka sarbo mai giram 60 da aka dasa a can baya na iya neman dalma giram 180 a gaba. Ban da haka kebur ba ya lanƙwashewa kamar doguwar sandar turi, tunda ja kawai yake yi. Amma jirgin da injinsa ya yi nauyi har hanci ke rinjaye bai bukatar wannan. A dasa masa sarbo a wutsiya da gajeriyar sanda, an huta.

Abin da ke cikin ledar mai kyau ne. Inda ake faɗuwa shi ne lissafin tsari, kuma ledar ba za ta yi wa kowa shi ba. Tazarar ramuka biyu na ƙahon roda ta zama daidai da tazarar ramuka biyu na hannun sarbo. In ƙaho milimita 76 ne daga rami zuwa rami, hannun ma 76. Sannan ramukan ƙahon su faɗa kan layin hinji. Idan suna bayan layin, duk sanda roda ta karkata kebur ɗin da ba ya ja zai yi sako-sako. Kaɗan daga wannan ba laifi ba ne muddin a tsakiya dukansu a miƙe suke, kuma ana gyara shi da hannun sarbo wanda ramukansa suka koma baya da daidai wannan tazara. Idan ramukan suna gaban layin, abin ya fi muni: kebur biyun na ƙara ɗaurewa yayin da roda ke karkata, sarbo ya yi ta kuka yana shan batir, hinji na shan wahala, a ƙarshe wani abu ya saki. Wanda ya gicciya kebur ɗin a cikin jiki, kamar yadda jirage da yawa ke bukata don su fita ta ramukan da aka tanada, shi ma zai ga sako-sako a ƙarshen motsi in hannun sarbonsa miƙaƙƙe ne, maganin kuma ɗaya ne, hannu mai komawa baya. A wurin gicciyar a sa wa kebur ɗaya ɗan bututun roba don kada su riƙa cin juna.

Kebur ya tafi a miƙe daga sarbo zuwa ƙaho. In yana gogar bakin ramin fita, ramin ake faɗaɗawa. Wajen ɗaurawa, a kunna rimot, a tsayar da sarbo a tsakiya, a kama roda a tsakiya da salatif ko da katako biyu da maƙali. A murɗa kusoshin cikin maƙalansu zuwa rabi, don a sami wurin ƙarawa da ragewa. A fara da gefen roda, a ƙare da gefen sarbo inda hannu ke da wurin aiki. Kebur ya bi ta bututun matsewa, ya shiga idon kusa, ya dawo ta bututun, sannan ya zagayo ya sake shiga karo na uku. Wannan zagaye na uku shi ne ke hana shi zamewa, domin rufin nailan santsi gare shi, kuma wucewa biyu kaɗai na iya sulalewa. A matse bututun wuri biyu ko uku da filaya marar kaifi. Filayar yanka waya tana iya datse bututun har ta raunata kebur ɗin a ciki inda ba a gani. Ɗigon sufa gulu mai ruwa a ƙarshe.

Ɗaurin kada ya kai na tsirkiyar garaya. In an taɓa shi da yatsa ya ba da ƙara mai kauri, ƙasa-ƙasa, kuma in an kama roda aka girgiza ba a jin wasa. Ɗauri mai tsanani yana cinye boris ɗin sarbo, ba ya ƙara komai. Sabon kebur yana ɗan saki bayan tashi biyar ko shida na farko, yayin da zagayen ke zama, don haka a sake duba shi, a ƙara murɗi ɗaya ko biyu daidai wa daida a gefe biyu, a ɗaure notin kulle. Kowane maƙali a zura masa guntun tiyon mai don kada bakinsa ya buɗe.

Maƙalan nan su ne abin da zan rage wa kayan maki a kai, in jirgin babba ne. A ƙahon roba suna aiki lafiya. A hannun sarbo na alminiyom, a jirgi mai injin fetur, girgiza tana sa fil ɗin ƙarfe ya riƙa cin ramin har ya zama kamar ƙwai, lako-lakon da aka gudu ya dawo. Daga cc 30 zuwa sama a musanya su da mahaɗi mai ƙwallo na 4-40, wanda kamfanin ke sayarwa daban kuma yana hawa kan kusoshin nan. Sarbon roda na irin wannan jirgi ya zama mai giyar ƙarfe, ƙarfinsa kada ya gaza kilo 20 a santimita, tunda roda ce ke ɗauke da jirgin duka idan yana tafiya a kan gefensa.

Elibeta ba ta bukatar ja-in-ja a yawancin jiragen nan. Sarbo ɗaya ga kowane rabi, da gajeriyar sanda, ya fi sauƙi da tabbas. Aikin da ke nan shi ne daidaita rabin biyu. A manna siririyar sandar kabon mai tsawon santimita 30 a kan kowane rabi, bakinsu ya haɗu a bayan roda. A motsa sandar rimot a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe ana kallon bakin biyu. Su tafi tare a tsakiya, a rabin hanya da kuma a ƙarshe. In sun rabu a rabin hanya, matsalar ta hannun sarbo ce ko tsawon ƙaho, kuma da hannu ake gyara ta kafin a taɓa lissafin rimot. Tsayin ƙaho daga layin hinji kada ya gaza tsawon hannun sarbo, sai dai in babu wata hanyar samun motsin da ake so, domin ƙaho gajere yana rage ƙarfin riƙo, raguwar nan kuwa ita ce ƙofar karkarwa.

Don tashin farko, elibeta digiri 10 zuwa 12 da eksifo kashi 30, wato saitin rimot da ke tausasa motsi a kusa da tsakiyar sanda, ta isa, roda kuma digiri 25 zuwa 30. Babban motsi na digiri 45 a ajiye shi a kan wani makunni da eksifo kashi 60 zuwa 70, kuma kada a buɗe shi a guje. Jirgin da ke da manyan elibeta ba a yi shi don a nutso da shi ƙasa da cikakken wuta ba. In aka ji ƙara kamar ta zanzaro daga wutsiya, a rage wuta nan take, a ɗaga hanci kaɗan don gudu ya ragu, a sauka, a bi hinji da ƙaho da kebur da giyar sarbo ɗaya bayan ɗaya.

Sai cibiyar nauyi ta zauna kafin a taɓa gaurayen roda, wato saitin rimot da ke sa wani faifai ya ɗan motsa tare da roda. A hau da jirgin a kife kan kusurwar digiri 45, a saki sanda. Wanda ya daidaita zai ci gaba a layinsa na ɗan lokaci, sannan hanci ya sauko a hankali. Bayan haka a kwantar da shi a kan gefensa a riƙe da roda kaɗai, a ga ko yana janyewa wajen cikinsa ko wajen bayansa, ko yana mirginawa. A gyara da gaurayen roda zuwa elibeta da roda zuwa faifan mirginawa na babban fiffike, kashi biyu ko uku a kowane gwaji, dama daban hagu daban. In gyaran da gefe ɗaya ke nema ya ninka na ɗaya gefen nesa ba kusa ba, a koma tebur da zare da ma'auni, a sake duba ko tsayayyen fiffiken na tsaye daidai kan kwantaccen, da kuma ko rodar na karkata daidai wa daida zuwa gefe biyu.